Sarƙoƙin Jirginmu Sun Koma Igiya

Legas, Yuni 1978

Zuwa ga Yaya Binta, Daɗin Kowa, Jos.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna? Ina su Tabawa?

Lafiyata ƙalau, ƙafa ce kawai ta ɗan kumbura. Kin san aikina ɗaure kaya a jirgin saman soja, kuma doka ta ce da sarƙa. Makon jiya sababbin sarƙoƙinmu suka yi ɓatan dabo. Da na tambaya, oga ya miƙo mini igiya, ya ce, "Usumanu, ka cika bin diddigi." Muna sauka wani akwati ya tsinke, ya matse mini ƙafa.

Mai riƙe da makullin siton da ake ajiye sarƙoƙin surukin oga ne. Ina dai kallo.

Kada Inna ta ji. Ki ce dai ta ƙara mini addu'a, don jibi za mu sake tashi, da igiya.

Ƙaninki,
Usumanu