Kujerar Baba a Akori-kura

Birnin Kudu,
9 ga Maris, 1974.

Zuwa ga Yaya Turai,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam Hadi da yara. Tarin Zainabu ya lafa? Ni lafiya lau, ina sabawa da aiki a hankali.

Kin tambayi labarin akori-kurar Baba. Na je Gwaram na shiga ƙarƙashinta da kaina. Injin da sauransa, kan motar ma garau yake. Abin da ya mutu casis ne, wato ƙarfen da komai ke zaune a kansa. Ya tsage wuri biyu ranar da ta faɗa rami a hanyar Fagam. Tun daga ranar Baba bai sake cin kasuwa ba. Inna ta ce a zaure yake wuni, tuwo ma sai ta yi da gaske yake taɓawa. Wannan ya fi motar damuna.

Malam Barau makanike ya samo mana casis ɗin wata mota da itace ya faɗo wa. Na auna, ya fi namu tsawo da inci huɗu, amma za a ja bodin baya kaɗan. Baba ya yarda, da sharaɗin kada a taɓa abin da hannunsa ya saba da shi.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Iliyasu.

Birnin Kudu,
20 ga Afrilu, 1974.

Yaya Turai,

Ina gaisuwa. Na ji daɗi da Zainabu ta warke, Allah Ya ƙara lafiya.

Mun ɗora kai da inji, sun zauna daram. Malam Barau yana ce mata tsohuwa mai ƙafar budurwa. Sai dai akwai abin da ke damuna. Motar Baba ta kafin canjin hannun tuƙi a ƙasar nan ce, sitiyarinta a dama. Wannan casis kuwa na bayan canjin ne, mazaunin sitiyarinsa a hagu yake. Na gani tun farko, na ɗauka mayarwa ba wuya. Da muka kwance sai na ga dole a yanke ƙarfe a yi walda daidai inda sitiyari ke riƙe. Malam Barau ya ce zai iya, na kuma san zai iya, amma ba zan ɗora ran Baba a kan walda ba. Mun kai sitiyari da birki hagu.

Na aika wa Baba bayani ta bakin Kawu Buba. Abin da Baba ya tambaya kawai shi ne ko ham ɗinta na nan. Ina tsoron ya ce wannan ba motarsa ba ce, ya koma zaure. Ki sa mu a addu'a.

Naki,
Iliyasu.

Gwaram,
12 ga Mayu, 1974.

Yaya Turai,

Gaisuwa da fatan alheri. Inna tana gaishe ki.

Na kawo motar. Baba ya fito ya zagaye ta, ya shafa tsohon fentin, ya sa na danna ham. Sannan ya buɗe ƙofar dama kamar kullum ya zauna. Na ga hannayensa sun tashi za su kama sitiyari, suka kama iska. Na fara bayanin walda, sai ya katse ni: "Ni dai nan ne wurina. Kai kuma me kake jira?"

Ni na ja mu har Fagam. Kowane rami sai ya sanar da ni kafin mu iso, yana ta taka ƙasan motar inda birki yake a da. A kasuwa ya taya wake, ya yi wa abokansa tsiya, ya ci tsire har da neman ƙari. Da muka dawo ya gaya wa Inna ina tuƙi kamar mai dakon ƙwai.

Kin daɗe kina so ya bar tuƙi saboda idonsa, aka rasa mai faɗa masa. Ni ma ban faɗa ba, ke ma don Allah kada ki tayar da zancen idan kin zo. Ya dai ce in zo da wuri ran kasuwa mai zuwa, kuma in koyi taka totur.

Ki gaida Malam Hadi da yara. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Iliyasu.