Shafin da Ya Binne Kaka Sambo

Assalamu alaikum Yaya Nazifa,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki, Ya kuma raba ku da sharrin baƙunci a can Fatakwal. Mu nan Bakura lafiya lau. Inna ta samu sauƙin ƙafarta, Taibatu kuma ta yi sauka.

Yaya, kin san ni ba gwanar magana ba ce, shi ya sa na rubuto. Malaminmu na tarihi ya ba mu aiki a kan abubuwan da mutanen dauri suka ƙirƙira. Na ajiye littafin soyayyar da nake ɓoyewa ƙarƙashin filo, na ari wayar Yaya Rilwanu. Sai ga wani shafin intanet da hoton tsofaffin murahun narka tama na bayan Birnin Tudu. Wai baƙi ne daga gabas suka gina su, kuma wai na ƙarshe da ya san sirrinsu, wani maƙeri Sambo, ya rasu shekara talatin da suka wuce.

Kakanmu ke nan fa, Yaya, yana zaune gabana yana shan fura. Wautata ta sa na karanta masa. Bai yi dariya ba. Ya ajiye ludayi, ya tambaye ni ko sun faɗi inda aka binne shi.

Washegari da hantsi ya sa na raka shi wurin. Tsit, ko tsuntsu babu, sai kashin maƙera, wato dattin narkakkiyar tama, baƙi ƙirin yana ƙara ƙarƙashin takalmina. Ya ce ba wani baƙo, shi da mahaifinsa suka yaɓa na ƙarshen, ya nuna mini wani gurbi a jikin yumɓun, ya ɗora babban yatsansa. Yatsan ya zauna daram a gurbin. Gani ya kori ji, amma wa zai ji daga bakina?

Tun ranar ba ya cin abin kirki. Yakan ce wanda duniya ta riga ta yi wa salla, me ya rage masa. Ya fara faɗa mini yadda ake zaɓen tama da jera gawayi, ina rubutawa, amma hannuna ba ya cim ma bakinsa.

Inna da Baba Falalu da Taibatu suna gaishe ki. Don Allah, Yaya, ki zo ki ɗauki muryarsa, ke da kika san yadda ake gyara irin wannan rubutu. Ki zo kafin shafin nan ya yi gaskiya.

Ƙanwarki mai kewarki,
Mufida