Aji Ɗaya, Darasi Uku

Kolere, Mubi
9 ga Yuli

Malama Dokas,

Ke da kika koya mana wannan hanya, kin taɓa tsayawa gaban sufeto yana tambaya ɗaya, ɗalibanki suna ba shi amsa uku? Ni na tsaya jiya. Bayan haka ina gaisuwa. Yaya aiki, yaya mutanen Michika da damina?

Sati biyu kika yi da mu a horon hutun Afrilu. Kin ce malami ya ɗauki darasinsa a waya, kowane yaro ya kalla ya yi aiki da saurin kansa, kada ya wuce sai ya ci huɗu cikin biyar a ƙaramin gwaji. Cikin malaman makarantarmu ni kaɗai ne wawan da ya ɗauke ki da gaske. Darussan lissafi ashirin na ɗauka a gindin dalbejiya, awaki suna yi mini amshi. Kuma abin ya yi. Ɗalibata Habibat, in mayo, wato rafin da ke tsakaninsu da makaranta, ya cika takan yi kwana huɗu ba ta haye ba. Da can in ta dawo sai ta zauna tana kallon allo kamar baƙuwa. Na san wannan zaman, shi ya kore ni daga aji ina yaro, sai daga baya na haɗa baƙi da kaina. Yanzu daga inda ta tsaya take ɗorawa.

Jiya Sufeto Mato ya shigo ajina, aji biyar, ya tambayi darasin da ake yi yau. Beauty ta ce na sha tara, Kabiru ya ce na sha ɗaya, Habibat ta ce na shida. Ya buɗe littafin tsarin zango, ya ce darasi ɗaya aka rubuta wa wannan mako, nan ba kasuwar shanu ba ce. Na nuna masa takardar bango inda kowane yaro yake da layinsa, ko kallonta bai yi ba. Hedimasta ya ce daga Litinin in koma aji biyu, wani ya karɓi yaran ya mayar da su shafi ɗaya.

Ki rubuto wa ofishin ilimi cewa ba hauka nake yi ba. Ki huta lafiya.

Mubashshir

*

Michika
13 ga Yuli

Malam Mubashshir,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da mutanen gida. Wasiƙarka ta same ni, kuma raina bai yi daɗi ba.

Zan gaya maka gaskiya, ƙanena. An ba mu izinin horar da malamai, amma ba a taɓa littafin tsarin zango ba. Sufeto da wancan littafin yake auna ka, kuma a takarda shi ne da gaskiya. Na san haka tun Afrilu. Na yi shiru don kada gwiwarku ta yi sanyi.

Akwai dabarar da malamanmu na nan suke yi. Suna rubuta darasin makon a saman allo, su koya wa yara cewa in baƙo ya shigo, wannan za su faɗa. In ya fita kowa ya koma inda yake. Ba abin da zan sa a takardar horo ba ne, shi ya sa ba ka ji ba. Ka je ka ba hedimasta haƙuri, ka ce kuskure ne. Ina ganin zai mayar maka da ajin.

Wasiƙa zuwa ofis ba zan iya ba yanzu, muna neman izinin horo na gaba. Allah ya ba da haƙuri.

Taka,
Dokas Tizhe

*

Kolere
17 ga Yuli

Malama,

Ina gaisuwa. Na karanta sau biyu.

Wato in tara yara arba'in in koya musu ƙarya da baki ɗaya. Wannan ma sai sun ci huɗu cikin biyar kafin su wuce?

Ran Litinin sabon malami ya fara da darasi na ashirin. Habibat ta ɗaga hannu ta ce ba ta kai nan ba, ya ce ta kwafa kawai. Yau kwana uku ba ta zo ba, kuma mayo bai cika ba, na je na gani da idona. Babanta ya ce ita ta ce gara gona.

Ba zan ba da haƙuri ba. Ran Asabar da ƙarfe goma akwai taron iyaye, Sufeto Mato zai zo, na kuma gaya wa baban Habibat ya zo. Motar Michika tana isowa kafin tara. Ki zo ki tsaya kusa da sufeto, ɗayanku ya faɗa wa mutumin nan da babbar murya wane darasi 'yarsa take kai, na shida ko na ashirin.

Sai na gan ki.

Mubashshir