Zuwa ga Dije, kan sunan jaririyar Safiya

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya a duk inda kike, don har yau ba wanda ya san takamaiman garin.

Saƙonki ya iso ta bakin Hajiya Mairo. Wai kin ji Safiya ta haihu, kina so a sa wa jaririyar sunanki, tunda ke kika haifi uwarta. Dije, ashe har yanzu idonki a tsaye yake?

Kin tuna zuwanki Landan lokacin da kuɗin fetur ya ɓarke, gwamnati ta turo mijinki karatu? A ɗakinmu na unguwar Deptford kuka sauka, ni yayarki na ba ku falo. Mako bai cika ba kika gano mai sayar da mujallun soyayya masu zane a kasuwa. Kullum labarin ɗaya ne: yarinya mai dogon gashi ta zo birni neman shiga fim, saurayi na jiranta da fure, darakta na jiranta da mota. Ina tuƙa tuwon semo, kina fassara mini, har da kwaikwayon hawayen. Ni ina tausayin saurayin. Ke motar kike kallo.

Da kika haifi Safiya, ba ki ɗaukarta gaban mutane, ba ki faɗin sunanta, sai dai "waccan". Matan ma'aikatan rediyo da ke zuwa barka suka yi ta yabonki: "Kun ga kunyar ɗan fari, Turai ba ta ɓata ta ba." Ni ma na yi alfahari. Amma mai kunya takan saci kallon ɗanta idan ɗaki ya watse, ke kuwa ko a ɗaka mujalla ce a cinyarki. Al'adarmu kika samu kika laɓe a bayanta, mu kuma muna tafa miki.

Ranar da kika miƙo mini ita a bakin tashar bas ta Aldwych, cewa kika yi, "Yaya, na ci gwajin shiga fim, sati biyu ne kawai." Tun daga ranar ba ki dawo ba. Mijinki ya gaji da jira, ya koma Kaduna ya yi aurensa.

Na je silima na ga fim ɗin naki, Safiya a goye. Kin gifta bayan wani Bature da tulu a ka, ko magana ba a ba ki ba. Haushi ya sa na kasa tashi daga kujera.

Ba zan ɓoye miki ba, na yi kewarki. Nakan tuna dariyarki da yadda kike yi mini kitso kina zuba, sai zuciyata ta karye. Ke kaɗai ce ƙanwata. Amma da Safiya ta yi ƙyanda ni na yi jinyarta, ranar aurenta kafaɗata ta jiƙa da kuka.

Duk da haka na isar da saƙonki, ban rage komai ba. Safiya ta saurara ta ce, "Mama, dama sunan uwata zan sa." Ranar Asabar liman ya raɗa wa jaririya suna Rakiya.

Allah Ya raya ta, Ya ba ki lafiya, Ya yafe mana baki ɗaya. Ni dai tawa yafiyar da saura.

Yayarki,
Rakiya.