Aminiyata Ta Goge Allo Da Baƙon Ajina

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zan zo ina da-na-sani. Yau kwana tara ke nan ban yi wa aminiyata magana ba, alhali ajinta na jikin nawa, bango ɗaya ne tsakaninmu, ko tari ta yi ina ji.

Ni malama ce, ina koyar da Turanci a aji ɗaya na firamare, shekarata goma sha ɗaya a kan aikin. Yaran da ake kawo mini 'yan shekara shida ne, babu wanda ake Turanci a gidansu. Shekaru huɗun farko yadda aka koya mini haka na yi, in faɗa su maimaita, in rubuta su kwafa. Su yi ta rerawa kamar za su ɗaga rufin ajin, amma ki tare yaro ɗaya a bakin ƙofa ki tambaye shi sunansa da Turanci, sai ya sunkuyar da kai yana murza bakin rigarsa. Daga baya na gane ba rashin sani ne ke damunsu ba, tsoron yin kuskure a gaban babba ne.

Wata rana ina ninke wanki na ci karo da safar maigidana guda ɗaya, ruwan toka, 'yar'uwarta ta ɓace. Na zura hannu a ciki ina tsokanar ɗana, sai dabara ta faɗo mini. Na yi mata baki da jan ƙyalle na tafi da ita makaranta, na ce wa yara mun yi baƙo daga nesa, ba ya jin kowane yare sai Turanci, ga shi da mantuwa. Sunan da ya bi shi ke nan, Baƙo. Kuma daƙiƙi ne na ƙarshe. Zai ɗauki takalmi ya kira shi hula, ya ƙirga yatsu ya tsallake huɗu, yara su fashe da dariya su yi ta rige-rigen gyara masa. Yaron da ba ya iya buɗe baki a gabana sai ki gan shi yana yi wa Baƙo faɗa da Turanci. A kwalin takalmi yake kwana cikin kabad, kowace safiya sai an ƙwanƙwasa an gaishe shi kafin ya fito.

Idanun Baƙo maɓallai ne baƙaƙe guda biyu, kuma aminiyar nan tawa ce ta ciro su daga tsohuwar rigarta ta ɗinka masa da hannunta a ɗakin malamai. Tare muka yi kwalejin horon malamai, ita a gadon sama ni a na ƙasa. Ita ta riƙe mini hannu ranar haihuwata ta fari. 'Ya'yana Umma ƙarama suke ce mata. Aji biyu take koyarwa, wato duk yaran da na gama da su hannunta suke faɗawa. Ita mutuniyar allo da littafi ce. Takan yi ƙorafi wai yarana suna zuwar mata da baki babu hannu, surutu kamar rediyo amma ba sa iya rubuta layi ɗaya. Ni kuma in mayar mata cewa nata aku ne, a yi dariya a wuce. Ni dai wasa na ɗauka.

Bana akwai wata yarinya a ajina, ita ce mafi ƙanƙanta, shi ya sa muke ce mata Auta. In'ina gare ta. Makon farko yara suka yi mata dariya, ta kulle bakinta, zango guda cur ba ta ce uffan ba, ko da yaren gida. Sai ran nan Baƙo ya ɗauki kofi ya kira shi cokali. Yarinyar nan ta taso daga kujerarta a hankali, ta matso jikin hannuna, ta raɗa masa sunan daidai. Anti, sai da na juya baya na share ido. Daga ranar kullum sai ta raɗa masa wani abu, raɗar tana ƙara ƙarfi, har mahaifiyarta ta zo ta ce mini a gida tana bin kaya tana kiran sunansu da Turanci.

Sai rashin lafiya ta kama ni, aka yi mini aiki, na yi mako uku ban je makaranta ba. Shugaban makaranta ya haɗa ajina da na aminiyar tawa. Na aika mata mabuɗin kabad saboda alli da rajista, na roƙe ta abu ɗaya tak, kada ta taɓa kwalin, ta ce wa yara Baƙo ya yi tafiya. Ta ce in kwantar da hankalina.

Ranar da na dawo ba yaron da ya ruga ya ƙwanƙwasa kabad. Ina ɗaga ido na hango Baƙo a gindin allo, ya yi fari fat da ƙurar alli, ido ɗaya ya fita. Matar da ke mana shara ce ta ba ni labari. Wai a mako na biyu yara suka ishi aminiyar tawa da tambayar Baƙo, wasu har da kuka, suka ƙi natsuwa. Sai ta buɗe kwalin, ta ciro Baƙo ta juya cikinsa waje a gabansu, ta ce su duba da kyau safa ce, babu wani baƙo, malamarsu ce ke maƙale murya. Ta goge allo da shi. Tun daga ranar ya zama abin goge allo. Wani yaro ya dube ni ido cikin ido ya ce ashe ƙarya nake musu. Na wanke Baƙo na dawo da shi da idonsa ɗaya, don ban sami maɓalli irin wancan ba. Wasu suka yi ta ihu safa ce, Auta kuwa ta juya fuskarta bango. Har yau ban sake jin muryarta ba.

Na sami aminiyar tawa a ajinta bayan an tashi. Ko haƙuri ba ta ba ni ba. Cewa ta yi yara saba'in aka zube mata ita kaɗai, ban bar mata komai ba sai mabuɗi, kuma shekara bakwai tana gyaran ɓarnar da nake yi, ta gaji. Abin da ya fi ci mini rai, Anti, bayan ta yi wannan aikin, ta zo duba ni har sau biyu. Ta zauna a bakin gadona tana ɓare mini lemo, na tambaye ta yarana, ta ce kowa lafiya. Wannan ai cin amana ne. Da wani bare ne ya yi mini da ban ji zafi haka ba.

Yanzu zuciyata na ce mini in kai ƙararta gun shugaba, ko in nemi canjin makaranta in huta da ganinta. Maigidana ya ce in ɗinka wata safar in ce ƙanen Baƙo ne ya zo. Ni ban san abin yi ba. Yaya zan yi yarinyar nan ta sake magana?

Malama mai safa ɗaya

*

Malama, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Bari in fara da abin da kike da gaskiya a kai. Aminiyarki ta yi miki laifi. Ta karya alkawari, ta ci miki fuska a gaban ɗalibanki, sannan ta zauna a bakin gadonki ta ɓoye miki. Duk gajiyar da ta yi, tana iya rufe kwalin ta ce a jira ki. Kin cancanci a ba ki haƙuri, kada wani ya ce miki don safa kike fushi.

To amma ki sake karanta wasiƙarki. Shekara bakwai tana gaya miki yaranki ba sa iya rubutu, ke kina mayar da abin raha, har kina kiran nata aku a gaban abokan aiki. Ke kin yi dariya kin wuce, ita ta haɗiye. Ranar da ta tsaya gaban yara saba'in, rabinsu na kukan wani abu da aka hana ta taɓawa, abin da ta daɗe tana haɗiyewa ne ya fito. Wannan bai wanke ta ba, amma ya nuna miki inda abin ya faro.

Kada ki kai ƙara, kada ki nemi canji. In kin tafi, wa kika bar wa Auta? Kuma ki tuna baɗi ajin wa za ta shiga. Ko don yarinyar nan, ba ki da halin yanke hulɗa da matar da ke bayan bangonki.

Batun ƙanen Baƙo kuwa, ki gode wa maigida ki ajiye shawarar. Yaran da suka ce an yi musu ƙarya ba a ƙara musu wata. Ni ban ma yarda ba su san hannunki ne a ciki ba, ɗan shekara shida ba wawa ba ne. Wasa ne suka yarda suka shiga tare da ke, abin da ya girgiza su shi ne ganin an wulaƙanta abin da suke so. Ki zaunar da su ki gaya musu gaskiya da yaren gida: safa ce, muryarki ce, kin yi haka ne don kada su ji tsoron magana. Sannan ki tara tsofaffin safa da maɓallai, kowane yaro ya yi nasa baƙon ya sa masa suna. Ta Auta ki ajiye mata a kan tebur ki wuce, kada ki tsaya a kanta, kada ki roƙe ta. Yarinyar da ta iya raɗa wa safa magana, wataƙila ta fi sakin jiki in safar na hannunta. Zai iya ɗaukar makonni, ki yi haƙuri, ki kuma sanar da mahaifiyarta halin da ake ciki. Daga yanzu Baƙo ya riƙa kama alli yana rubuta haruffa a karkace yara na fitowa suna gyara masa, don ƙorafin aminiyarki na kan hanya.

Ita kuwa, gobe bayan an tashi ki shiga ajinta. Ki gaya mata abin da ya fi yi miki ciwo, wato shirun da ta yi a bakin gadonki. Ki amsa naki laifin na raina aikinta. Ki ba ta labarin Auta tun daga kofi da cokali, don ina zargin ba ta san abin da ta rushe ba. Daga nan ki miƙa mata Baƙo da allura da zare, ki ce saura ido ɗaya. In ta ƙi karɓa, kin san matsayinki, ki ɗinka da kanki ku ci gaba da gaisuwar mutunci saboda yara. In kuwa ta karɓa, kada ki tsaya jiran wata kalma, haƙurin ke nan ta ba ki.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa ki sake jin muryar Auta.