Gorar da ke Hammatar Mamanki

Sabon Tasha, Kaduna

Zuwa ga 'yata Diana,

Ina gaishe ki cikin sunan Yesu Mai Cetonmu, da fatan takardar nan ta same ku lafiya, ke da mijinki Samson. Yaya ruwan Fatakwal, yaya kuma nauyin jiki? Kowace safiya sunanki ne farko a addu'armu, Ubangiji ya sauke ki lafiya. Mu nan sai godiya. Ƙanenki Clinton ya fara aiki a Trikania, har ya soma tafiya irin ta masu albashi. Kin san ni da waya ba ma shiri, kuma duk abin da na faɗa a gidan nan Mamanki tana ji ko da barci take yi. Shi ya sa na rubuta, Tony direba zai kawo miki hannu da hannu.

Yau kwana goma sha biyu da yi wa Mamanki tiyatar kansar mama, aka kuma cire kaluluwar hammatarta ta dama. Abin da ba mu yi miki bayani sosai ba shi ne gorar. Likita ya bar wani siririn tiyo a hammatar, ya zarce cikin 'yar gorar roba mai taushi, domin wurin da aka kwashe yakan tara ruwa, in ba a fitar ba ya kumbura. Ya ce kafin su ɗinke sun ɗauraye ramin da ruwan gishiri haɗe da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ana sa ran hakan ya rage ruwan ya kuma tsare ciwon, amma bai yi mana alkawarin rana ba. Sharaɗinsa shi ne sai ruwan ya gaza mililita talatin a yini, kwana biyu a jere, sannan a cire tiyon. Nas Debby ta koya mini yadda zan juye, in auna, in rubuta, sannan in matse gorar kafin in toshe ta, don in ba a matse ba ba ta zuƙa.

Nan fa aka zo wurina. Mutumin da ya shekara talatin yana aikin bututu a matatar mai ta Rido ba a koya masa awon ruwa sau biyu. Na sayi littafi, na ja layi da rula, kowace safiya in ɗora tabarau a hanci, Mamanki tana cewa ga Injiniya ya zo aiki. Ruwan ya fara da ɗari da arba'in, yana sauka a hankali har ya kai casa'in. Ran Talata sai na ga ashirin da biyar. Murna ta kama ni, na fita ina gaya wa maƙwabta cewa ɗaurayar likitan nan ba wasa ba ce. Laraba kuma ashirin. Har na kira Debby na ce ta shirya almakashi. Amma can cikin raina ban natsu ba, don bututu ba ya faɗuwa haka a dare ɗaya sai in ya toshe, ko kuma wani yana ɗiba a hanya.

Ran Alhamis na dawo daga sayen burodi na ga gorar ta cika da iska ta yi tulu, alhali da hannuna na matse ta kafin in fita. Na ɗaga hannun Mamanki, hammatar ta ɗan tasa. Ashe da zarar na juya baya sai ta shiga bayi ta zubar da ruwan, wani lokacin ta manta ta matse. Diana, raina ya ɓaci ƙwarai, na yi faɗa har murya ta dushe, kuma rabin faɗan tsoro ne. Ta bari sai da na gama, sannan ta ce:

"Sylvanus, uwata ba ta ga Diana ba, baƙuwa ce ta yi mini wankan jego. Ni kuwa ina da rai, a ce wata ce za ta wanke mini jikan fari?"

Ta riga ta tsara komai. A cire tiyo Juma'a, mako mai zuwa ta hau mota zuwa wurinki. Na duba ƙarƙashin gado na tarar da gero, kanwa, daddawa da yaji, duk a ɗaure. Na zauna a bakin gadon ina kallon kayan.

Ranar muka koma asibiti. Likita bai yi dariya ba. Ya ce da an cire bisa lissafin ƙarya, da ruwan ya taru a ciki sai an riƙa zuƙewa da sirinji, wataƙila ciwon ya kama ƙwayoyin cuta, maganin da ke jiranta a gaba ya ja baya. Da muka auna na gaskiya, saba'in ne. Don haka tiyo yana nan. Ya kuma ce ko an cire ba ɗaukar nauyi da hannun nan na wani lokaci, doguwar tafiya kuwa a manta da ita tukuna. Mamanki ta ce to, irin to ɗin da kika sani, wanda ba ya nufin komai.

Ga roƙona. Kada ki yi mata faɗa, na yi namu ni da ke. Ki zauna da Samson, ki kuma tambayi likitanki, in hanya za ta yiwu tun cikin bai tsufa da yawa ba, ki zo ki haihu a gida. Ɗakinki yana nan, asibiti ba nisa. Na ce mata ni zan riƙe jaririn ita ta zuba ruwa da hannun hagu. Tun jiya take koya mini da doya guda a cikin baho, kuma ta ce na nutsar da doyar sau biyu, na kuma sa mata sabulu a ido.

Ki gaishe mini da Samson da mahaifiyarsa da kyau. Clinton yana gaishe ku, haka Anti Vicky, da matan zumunta da suke ta kawo mana kunu har mun rasa mazubi.

Yau da safe Mamanki da kanta ta miƙo mini gorar, ta tsaya a kaina har na rubuta hamsin da biyar. Sai ta tambaye ni, a hankali, ko ina ganin za ta riƙe jaririn nan tun cibiyarsa ba ta faɗi ba. Na ce mata za ta riƙe. Shekara talatin da biyar muna tare ban taɓa yi wa Mamanki Judith ƙarya ba, 'yata. Ki taimake ni kada wannan ta zama ta farko.

Ni ne mahaifinki mai ƙaunarki,
Sylvanus