Sunan Inna Hajara a jerin ban ruwa

Daren Laraba, Bunkure

Kaina ciwo yake. Yau ƙungiyarmu ta manoman rani ta ɗora mini karanta takardar bayanin wata manhaja. An ce ita za ta hana AI ɗin da ke gyara mana jerin ban ruwa goge suna ba da izini ba. Wai in ba takardar maki.

Ta ce yana tambaya kafin ya goge "abu mai muhimmanci". Wa zai tambaya, ni ko shugaban ƙungiya? Ba ta faɗa ba. Sunan da ya yi wata uku ba a taɓa shi ba kuwa, shara ne a wurin AI ɗin.

Ga Inna Hajara tana takaba, wata huɗu da kwana goma ba za ta leƙa gonarta ba. In sunanta ya fita, ta rasa ranar ruwanta.

Na kira ma'aikaciyar kamfanin da ya yi manhajar. Ta ce, "Malam, ka dai zaɓa, ɗaya zuwa biyar."

Na ce, "To, a ina zan rubuta takaba?"

Ta ce babu gurbin wannan.

Na ba su ɗaya. Sunan Inna kuma na rubuta shi da biro a bangon littafin nan. Iyakar ƙarfina ke nan.